Yadda Na Ƙera Sabon Gilashin Gaba Ga Tsohon Jirgin Ruwa

Lokacin da jirgin ya shigo hannuna, na ɗauka cewa gilashin gaba shi ne mafi sauƙi a cikin gyare-gyaren da ke jirana, don haka na tura shi can ƙarshen jerin ayyuka. Ƙaramin jirgin ruwa ne na katako mai inji a baya, ƙirar ƙarshen shekarun 1950, tsawonsa bai cika mita 5 ba, irin wanda ake hawa domin shan iska a tafki. Na sauya katakan da suka ruɓe a ƙasansa, na kankare tsohon fenti, na shafa wa doron gabansa banish har sau takwas, amma duk cikin waɗannan ayyuka babu wanda ya ba ni wuya kamar wannan falle ɗaya da ke tsaye a gaban sitiyari yana tare wa mai tuƙi iska da feshin ruwa.

Gilashin na asali irin wanda ake yayi a wancan zamani ne, falle guda wanda ya miƙe a tsakiya sannan ya lanƙwaso ta gefen dama da hagu ya rungumi wurin zama. Masu ƙera jiragen shaƙatawa sun kwaikwayi wannan fasali ne daga motocin Amurka na shekarun 1950, kuma shi ne ke ba wa irin waɗannan jirage kamanninsu, ta yadda idan aka maye gurbinsa da miƙaƙƙen falle, mai kallo zai ji cewa wani abu ya ɓace ko da bai iya faɗin mene ne ba. Nawa ya riga ya gama yayi. Fuskarsa ta yi hazo, dubban ƙananan tsagu sun cika cikinsa suna walƙiya idan rana ta haska shi, sannan manyan tsagu uku sun taso daga ƙasa sun nufi sama. Da na duba da kyau sai na ga dukkan ukun sun faro ne daga hujin sukuru. A lokacin ban ba wannan muhimmanci ba, sai daga baya na gane cewa tsohon gilashin yana nuna mini ainihin abin da ya kashe shi.

Ko da yake gilashi nake ce masa, abin ba gilashi ba ne, roba ce garai-garai da ake kira akirilik, wadda aka fi sani da sunayen kasuwa irin su Plexiglas da Perspex. Kamfanin Röhm & Haas na Jamus ne ya fito da Plexiglas a 1933, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da wannan roba sosai wajen yin murfin wurin zaman matuƙan jiragen sama, daga nan ne fasahar lanƙwasa ta da zafi ta yaɗu zuwa kayan yau da kullum. Na tsaya na auna abubuwa uku kafin in yanke shawara. Gilashi na gaske wanda aka gasa domin ya yi ƙarfi ba ya karcewa da sauƙi, amma lanƙwasa shi aikin masana'anta ne, kuma da zarar an gasa shi ba a iya yanka shi ko huda shi, wanda ke nufin kuskuren milimita kaɗan ya isa ya mayar da shi shara. Polikabonet, wanda ake sayarwa da sunan Lexan ko Makrolon, ya fi akirilik jure bugu nesa ba kusa ba, sai dai yana saurin karcewa, rana tana sa shi ya yi rawaya idan ba a yi masa shafen kariya ba, sannan yana shan danshi, don haka dole a busar da shi na sa'o'i masu yawa kafin a gasa shi, in ba haka ba ya cika da kumfa. Akirilik kuwa yana barin kusan kashi 92 cikin 100 na haske ya ratsa shi, nauyinsa kimanin rabin na gilashi ne, yana jure rana, kuma idan ya karce ana iya goge shi ya dawo. Uwa uba, shi ne abin da aka sa wa jirgin tun farko, kuma a ra'ayina wanda ya ce yana dawo da tsohon abu yadda yake ba shi da hujjar sauya masa jinsi sai da dalili mai ƙarfi.

Akirilik ɗin ma iri biyu ne. Akwai wanda ake zubawa tsakanin fallayen gilashi biyu a bar shi ya daskare, akwai kuma wanda inji ke matsowa ya fito da shi a shimfiɗe. Na zuba ya fi jure zarto da huji, ba ya saurin narkewa ya manne wa bakin ƙarfe, kuma idan aka gasa shi yakan tsuke kusan daidai ta kowane ɓangare, saɓanin na matsowa wanda ya fi tsukewa ta fuskar da inji ya ja shi. Na zaɓi na zuba mai kaurin milimita 5, daidai da kwararon firam ɗin da ke riƙe gilashin, kuma na ɗauki falle biyu maimakon ɗaya, domin ban yarda da kaina ba cewa zan dace a gwajin farko.

Cire tsohon ya ɗauke ni kwana uku, kuma laifin na sukurori ne. Firam ɗin alminiyam ne, sukurorin kuwa na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma idan waɗannan ƙarafa biyu suka daɗe a manne da juna cikin danshi, alminiyam ɗin ne ke ciyuwa ya zama farar hoda wadda ke ɗaure sukuru tamau. Na riƙa ɗiga musu man kwance noti safe da yamma, ina ɗan ƙwanƙwasa kan sukudireba da guduma, har goma sha ɗaya suka kwance, biyu kuma sai da na huda su na fitar. Kowane guntun firam da na cire na rubuta masa lamba na ɗauki hotonsa a inda yake, domin irin wannan firam ba a samun sabonsa, kuma alminiyam da ya tsufa idan aka lanƙwasa shi aka mayar yakan tsage.

A nan ne na kusa tafka babban kuskure. Abin da hankali ya fara ba ni shi ne in ɗora kwali a kan tsohon gilashin in zana gefensa, in ce na sami ma'auni. Na yi hakan kuwa, na yanke kwalin, amma da na kai shi kan jirgin na tsayar da shi a inda gilashin zai zauna, sai na ga a gefen hagu akwai tazarar da ɗan yatsa zai shiga tsakaninsa da doron jirgin, a gefen dama kuma ya tokare. Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, tsohon gilashin ya shafe shekaru sama da sittin yana shan rana a ɗaure, ya saki jiki, kusurwoyinsa sun buɗe, bai ƙara zama a kan siffar da aka yi shi ba. Na biyu, jirgin kansa ba daidai yake dama da hagu ba, domin aikin hannu ne, kuma katako yana motsi da shekaru. Da na auna daga tsakiyar hancin jirgin zuwa kowane gefe na wurin zama, na sami bambancin kusan santimita ɗaya. Ke nan wanda ya kwafi tsohon gilashi ya kwafi lalacewarsa ne, wanda kuma ya zana rabi ɗaya ya ninka shi ya yi wa wani jirgi gilashi, ba wannan ba. Daga ranar na ajiye tsohon a gefe, ban ƙara waiwayarsa ba sai domin ganin tsayinsa da yadda yake kishingiɗa baya, na mayar da jirgin da firam ɗinsa su zama ma'aunina.

Na mayar da ƙasan firam ɗin mazauninsa a doron jirgi, na kafa 'yan sanduna biyar na wucin gadi masu riƙe da saman firam ɗin a tsayin da ya dace, sannan na kawo siririn katakon filawud mai kaurin milimita 3 na lanƙwasa shi a jikinsu. Da kamfas ɗin zane na bi layin doron jirgin, ƙafa ɗaya tana tafiya a kan katakon jirgi, ɗayar tana zana layin a jikin filawud, na yanke, na gwada, na sake ragewa da magagari, haka na yi ta yi har sau bakwai kafin ya zauna ba tare da haske yana leƙowa ta ƙarƙashinsa ba. Wannan gwaji ya amsa mini wata tambaya mai muhimmanci. Tunda miƙaƙƙen filawud ya kwanta a jikin firam ɗin ko'ina ba tare da ya tattare ko ya yi tozo ba, lanƙwasar gilashin ta fuska ɗaya ce, irin ta takardar da aka naɗe, ba irin ta ƙoƙo ba wadda ke lanƙwasa ta fuska biyu. Da irin ta ƙoƙo ce, da sai an ja robar da ƙarfi ko an zuƙe ta da injin iska, abin da ya fi ƙarfin mai aiki a gida. Irin tawa kuwa, ya isa a gasa fallen ya yi laushi a shimfiɗa shi a kan siffar katako mai lanƙwasar gilashin, nauyinsa ya kwantar da shi.

Na yi tunanin ko zan iya lanƙwasa shi a sanyi in huta da gashi, domin siririn akirilik yana ɗan tanƙwaruwa. Lissafi ya hana ni. Masu yin robar suna gargaɗin cewa idan za a lanƙwasa ta a sanyi, kada nisan tsakiyar da'irar lanƙwasar zuwa bakinta ya gaza kaurin fallen sau 200, wasu ma sukan ce fiye da sau 300. Ga falle mai milimita 5, wannan na nufin mita ɗaya ko fiye, alhali kusurwoyin gilashina ba su wuce santimita 25 ba. Da na matsa masa da ƙarfi, mai yiwuwa ya shiga firam a ranar, amma zai zauna cikin ɗauri, kuma ɗaurin nan ne ke haifar da ƙananan tsagun da suka makantar da tsohon.

Siffar katakon da za a kwantar da fallen a kanta ita ce ta cinye mafi yawan lokacina, kuma ban yi da-na-sanin ko sa'a ɗaya da na ɓata a kanta ba. Na yanke haƙarƙari shida daga filawud mai kauri, kowanne na ɗauke da lanƙwasar gilashin a wani tsayi, na jera su a kan faffaɗan katako na ɗaure da sanduna, sannan na lulluɓe su da siririn filawud ninki biyu, na manna da gam. Da yake fallen zai kwanta ne a bayan siffar, sai na rage mata kaurin gilashin, wato na gina ta a kan ma'aunin fuskar ciki. Na kuma bar ta ta zarce girman gilashin da santimita 6 ta kowane gefe. Bayan haka na shiga gyaran fuskarta, na nutsar da kan kowace ƙusa, na cike ramukan, na goge da samfefa a naɗe a doguwar sanda domin kada hannu ya bi kwari da tudu. Ina rufe ido in shafa da tafin hannu, domin abin da ido bai gani ba hannu yana ji. Dalilin wannan wahala shi ne akirilik mai zafi ba ya ɓoye sirri, duk abin da ya tarar a ƙarƙashinsa zai ɗauka ya riƙe har abada, kuma ɗan tudun da bai kai kaurin farce ba ya isa ya sa mai tuƙi ya ga gaɓar tafki tana rawa.

Sai batun zafi. Akirilik yana fara sakin jiki ne a wajen digiri 105 a ma'aunin Salshiyas, amma ba ya lanƙwasuwa yadda ake so sai ya kai tsakanin digiri 150 da 180. Na fara gwada na'urar hura iska mai zafi a kan wani guntu, kamar yadda mutane da yawa ke yi, na ga abin da take haifarwa: fuskar da ke kallon na'urar ta yi kumfa tun cikin fallen bai yi laushi ba, domin roba ba ta saurin isar da zafi daga waje zuwa ciki. Wannan dabara tana iya yin aiki a kan ƙaramin abu, amma falle mai tsawon kusan mita 2 yana buƙatar ya yi zafi gaba ɗaya a lokaci guda. Don haka na gina dogon akwatin gashi na kwanon rufi, na lulluɓe shi da audugar dutse mai tare zafi, na sa masa ƙarafan ɗumama na lantarki a ƙasa tare da farantin ƙarfe a samansu domin kada zafinsu ya doki fallen kai tsaye, na kuma sa ƙaramar fanka mai jure zafi tana juya iskar ciki. Haɗin wutar na ba wa mai sana'ar lantarki ya yi. Na guji duk abin da ke da harshen wuta, domin akirilik yana ci da wuta, na yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, da tukunyar kashe gobara a kusa. Ma'aunin zafi uku na saka, a tsakiya da kowane ƙarshe, kuma a kunnawar farko sun nuna mini bambancin fiye da digiri 20 tsakanin tsakiya da gefe, sai da na sauya wa fankar wuri na toshe kafofi kafin suka kusanci juna.

Kafin gashi na yanke fallen ya fi ma'aunina girma da santimita 5 ta kowane gefe. Akirilik na zuba yana tsukewa da kimanin kashi 2 cikin 100 a gashin farko, wanda a tsawon mita 1.9 ya kusa santimita 4, ga shi kuma gefen da aka kama da hannu yakan ɗauki tabo, don haka gara a bar abin da za a yanke a zubar. Na ɓare takardar kariyar da ke manne a fuskokinsa biyu, na wanke shi da ruwa da sabulu mai laushi, na bar shi ya bushe.

Falle na farko ya lalace, kuma ni na lalata shi. Na shimfiɗa wa siffar wani yadin auduga mai ɗan kaushin saƙa, wanda bai kai faɗinta ba har sai da na haɗa biyu, sannan saboda tsoron kada fallen ya ƙi lanƙwasuwa na bar shi a akwatin har zafi ya haura digiri 180. Ya fito laushi tiɓis, ya kwanta a kan siffar cikin sauƙin da ya sa na fara murna, amma da ya huce na ɗaga shi a rana sai na ga saƙar yadin ta zanu a fuskarsa ta ciki daga gefe zuwa gefe, layin da yadin biyu suka haɗu kuma ya fito ɓaro-ɓaro a daidai inda idon mai tuƙi zai riƙa kallo. Lanƙwasarsa ta yi daidai, ya ma shiga firam, amma wanda ya leƙa ta cikinsa kamar yana kallo ne ta cikin ruwan da aka motsa. Na yi kwana biyu ban shiga wurin aikin ba.

Da na dawo, na sayi yadi mai laushin gashi, irin wanda ake shimfiɗawa a teburin wasan sunuka, falle guda ba haɗi, na ja shi ya miƙe na ɗaure ta ƙarƙashin siffar. Na yanka 'yan guntaye daga ragowar robar na riƙa gasa su a zafi daban-daban ina rubutawa, har na gano cewa a akwatina digiri 160 na kimanin minti 20 ya isa. Alamar da na koya ita ce, idan aka ɗaga kusurwar fallen da safar hannu ya tanƙwaru kamar fatar da aka jeme, kuma ya koma a hankali, to ya yi. Na kuma ɗumama siffar kanta ta hanyar jingina ta da akwatin, domin katako mai sanyi yana daskarar da fuskar da ta taɓa shi tun sauran jikin bai gama kwanciya ba.

Ranar gashi na biyu ƙanena ya zo ya taya ni, domin mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar falle mai laushi mai wannan tsawo ba tare da ya naɗe ba. Sai da muka gwada tafiyar sau uku da lalataccen fallen, daga bakin akwati zuwa siffa, kowa ya san inda zai taka da inda zai kama, saboda daga buɗe murfi zuwa lokacin da robar za ta fara tauri bai fi minti ɗaya zuwa biyu ba. Na yi wa tsakiyar fallen da tsakiyar siffar alama. Muka ɗauko shi da safar hannu ta auduga mai kauri, muka fara sauke tsakiyarsa a kan alamar, sannan muka bar fikafikan biyu suka sauka da nauyinsu. Kusurwar hagu ta ɗan ɗage, ƙanena ya kai hannu zai danna yana cewa, "Yaya, nan bai kwanta ba," na dakatar da shi, domin yatsa ko a cikin safa yana barin rami. Maimakon haka muka ɗora dogon yadi mai laushi a kai muka ja ƙarshensa ƙasa a hankali, muka kama bakin fallen da sandunan katako da ƙarfen matsi a wurin da za a yanke. Sannan muka lulluɓe komai da barguna biyu muka tafi. Sanyaya a hankali yana da muhimmanci kamar gashin kansa, domin idan waje ya huce ya bar ciki da zafi, ɗauri yana zama a cikin robar wanda ba a gani sai ranar da ta tsage. Ban ɗaga bargon ba sai washegari da safe, kuma da na tsayar da fallen na leƙa layin rufin wani gini ta cikinsa, na ga layin a miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Yankan ƙarshe na yi shi ne fallen yana kan siffar, domin ya sami abin jingina. Na manna salatif na takarda a duk inda zarto zai bi, na ɗora ma'aunin filawud ɗina na zana, na yanka da zarton lantarki mai ƙananan haƙora, a hankali, ina barin milimita 2 a wajen layi. Idan aka yi sauri robar tana ɓallewa, idan aka tsaya wuri ɗaya kuma tana narkewa ta sake haɗewa a bayan zarton. Ragowar na cinye ta da magagari, ina kai gilashin kan jirgi ina dawowa. Bakin na goge da samfefa mai lamba 120, sannan 220, 400 da 600 da ruwa, har ya yi sumul, domin kowane ɗan tsinin da zarto ya bari mafarin tsaga ne. Wasu suna bin bakin da harshen wuta domin ya yi ƙyalli nan take, ni kam ban yi ba, saboda wannan yana barin ɗauri a gefen, kuma gefen nan zai ɓuya ne a cikin firam inda babu mai ganinsa.

Lalataccen fallen ya biya ni bashinsa a wajen huji. Na gwada masa bakin huji na ƙarfe yadda yake, kuma a daidai lokacin da bakin zai fita ta baya sai ya cafki robar ya fizge ta, tsaga mai tsawon yatsa ta fita daga hujin, irin dai waɗanda na gani a tsohon gilashin. Bakin huji na ƙarfe an yi shi ne ya yanka ya nutsa, akirilik kuwa so yake a kankare shi. Na dasashe kaifin bakin a jikin dutsen wasa yadda zai riƙa kankara, na ƙara masa tsini, na sa katako a bayan fallen, na rage gudun injin, ina ɗiga ruwa. Sai da na yi huji ashirin a lalataccen ba tare da tsaga ba kafin na taɓa na kirkin.

Girman hujin shi ne darasin da tsohon gilashin ya yi ta nuna mini tun ranar farko. Akirilik yana buɗewa da zafi kusan sau takwas fiye da gilashi, wato kimanin milimita 0.07 a kowace mita ga kowane digiri ɗaya. Falle mai mita 1.9 wanda ya tashi daga sanyin asuba zuwa zafin tsakar rana, bambancin digiri 40 misali, zai ƙaru da fiye da milimita 5. Alminiyam ma yana buɗewa, amma bai kai rabin haka ba, katakon jirgi kuwa kusan ba ya motsi ta tsawonsa. Wanda ya ɗaura tsohon ya yi huji daidai kaurin sukuru ya kuma ɗaure tamau, robar ta nemi wurin motsi ta rasa, sai ta tsage. Ni na yi kowane huji ya fi sukurunsa faɗi da milimita 3, na nisanta shi daga baki, na goge bakin hujin ya daina kaifi, na zura guntun bututun roba a ciki domin kada ƙarfe ya taɓa akirilik, na sa washa ta roba gaba da baya. A cikin kwararon firam ma na bar tazara a kowane ƙarshe, na sa sabuwar robar baki. Sukurorin na shafa musu man da ke raba ƙarfe da alminiyam domin kada wanda zai kwance su nan gaba ya sha wahalar da na sha, na fara ɗaurewa daga tsakiya ina fita gefe, kuma kowanne da zarar washa ta kama sai in tsaya in ɗan mayar da shi baya kaɗan. Tsakanin ƙasan firam da doron jirgi na shimfiɗa zaren roba mai danƙo wanda ba ya bushewa, irin wanda ke tare ruwa amma yake barin a cire abu idan buƙata ta taso.

Tun daga lokacin ba na barin kowa ya goge shi da busasshen tsumma, domin ƙurar da ke kai ita ce ke karce shi, kuma ba na kusanto da ruwan wanke tagogi mai amoniya, ko sipirit, ko asiton, ko fetur, waɗanda duk suna haifar da ƙananan tsagu, musamman a kusa da huji da kusurwa. Ruwa mai yawa, ɗan sabulu da tsumma mai laushi su ne kawai. Ranar da muka sa jirgin a ruwa akwai iska, igiyar ruwa tana dukan hancinsa feshi yana tashi, kuma na lura cewa idona ya fi zuwa kan hujin sukurori fiye da kan hanya. Bayan mun fito da yamma na bi su ɗaya bayan ɗaya da fitilar hannu ina haskawa ta gefe, inda tsaga kan fara nuna kanta kamar farin gashi, ban ga komai ba. Sukuru na biyun ƙarshe a hagu ya ɗan saki, na ƙara masa rubu'in juyi. Siffar katakon kuwa na rubuta mata zafi da mintunan da suka yi mini aiki a jikinta, na naɗe ta da leda na rataye a bango tare da ma'aunin filawud ɗin.